Bob Hope, Samanja, da dariyar mutumin da ke bakin daga

Akwai wani tsohon bidiyo da na yi ta maimaita kallonsa a waya, wanda aka ɗauka a Biyetnam wajen ƙarshen shekarun 1960. Wani dattijo mai dogon hanci ya fito kan dandamalin katako, da hular soja a kansa, da sandar wasan golf a hannu yana jujjuya ta kamar makiyayi da sandarsa. A gabansa samari ne dubbai zaune a ƙasa cikin rana, wasu sun tuɓe riga, wasu sun ɗare kan motoci da turaku don su hango shi. A sahun gaba an jera waɗanda aka ɗauko daga asibiti da rigunan majinyata, wannan da bandeji a ka, wancan a keken guragu. Dattijon ya faɗi wata magana, filin ya kece da dariya. Barkwancin na mutanen wani wuri ne da wani zamani, ba shi ke riƙe ni ba. Fuskokin yaran nake kallo. Da yawansu ko gemu bai gama fito musu ba, kuma na san a cikin masu dariyar nan akwai waɗanda ba su sake ganin iyayensu ba.

Dattijon nan shi ne Bob Hope, ɗan wasan barkwancin Amurka da ya rasu ranar 27 ga Yuli, 2003, wata biyu bayan ya cika shekara 100. A Eltham da ke Landan aka haife shi a 1903, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Cleveland a jihar Ohio yana ɗan shekara huɗu. Ya yi suna a rediyo da fim da talabijin, ya tara dukiya, amma abin da ya fi zama a bakin mutane game da shi shi ne tafiye-tafiyensa wurin soja. Ya fara ranar 6 ga Mayu, 1941, a sansanin March Field da ke Kalifoniya, watanni kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan har zuwa yaƙin Tekun Fasha, kusan shekara hamsin, ya yi rangadi 57 tare da ƙungiyar USO mai kula da walwalar sojojin ƙasar. A 1943 ya je Ingila da Arewacin Afirka da tsibirin Sisili, a 1944 ya zaga tsibiran Fasifik, Kirsimetin 1948 ya same shi a Balin, ya je Koriya, sannan ya yi Kirsimeti tara a jere yana zuwa Biyetnam, daga 1964 zuwa 1972. Zuwansa na farko ma da bam aka tarbe shi: a jajiberin Kirsimetin 1964 aka tayar da bam a otal ɗin Brinks da ke Saigon, Amurkawa biyu suka mutu, jim kaɗan kafin tawagarsa ta iso unguwar. Bai juya ba, ya yi wasanninsa kamar yadda aka tsara.

Ra'ayina a kansa kashi biyu ne, kuma ba na son ɗaya ya cinye ɗaya. Zuwan da ya yi ta yi wurin yaran nan aikin kirki ne, irin wanda ya kamata a riƙa tunawa da mutum saboda shi. Amma akwai ranar da ya ɗauko saƙon masu mulki ya haɗa a cikin kayan wasansa, kuma ranar ya ɓata rawarsa da tsalle. Duk mai son ya yi koyi da shi sai ya san inda iyakar take.

Abin da ya sa sojoji ke dariyar maganarsa ba boyayye ba ne. Kafin ya isa sansani, marubutansa sun riga sun binciko abin da ke damun mutanen wurin: abincin da ba ya ciwuwa, laka, sauro, sunan kwamanda, garin da aka hana su shiga. Da ya hau dandamali sai ya fara da waɗannan. Farabitin da ba shi da bakin cewa uffan a gaban hafsa, sai ga wani ya zo ya taɓa hafsan a bainar jama'a, hafsan na zaune yana dariya dole. Ga shi kuma kullum kansa yake mayarwa matsoraci, mai neman ramin ɓuya da zarar ya ji ƙara. A wurin da aka haramta wa namiji ya ce yana jin tsoro, wani ya zo ya faɗa a madadinsa, aka yi dariya, nauyin ya ragu. Mu Hausawa mun san wannan lasisi. Shi ne na wawan sarki, wanda ke faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba, shi ne kuma na abokan wasa, Bakano da Bazazzagi ko Bafulatani da Babarbare, inda ake gaya wa juna magana mai ɗaci ba a ƙullaci kowa ba.

Ni a gidanmu na fara ganin aikin wannan irin dariya, tun ban san da wani Bob Hope a duniya ba. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi yaƙin basasa ya dawo yana jan ƙafa ɗaya. Gadi yake yi da dare, da rana kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya yi shiru. Ba ya faɗa, ba ya hira, kuma ba wanda ya taɓa jin labarin yaƙi daga bakinsa. Mu yara tsoronsa muke ji ba tare da ya taɓa ɗaga mana hannu ba. Amma ranar da za a nuna Samanja, tun kafin lokaci yake ɗingisawa zuwa gidan maƙwabcinmu mai talabijin ɗin nan marar kala, a ba shi kujera, mu mu zauna a ƙasa. Da Samanja ya fito yana zare ido, yana daka wa kurata tsawa, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, sai kawu ya fara girgiza. Dariyarsa ba ta da ƙara sosai, kafaɗunsa ne ke rawa, hawaye na bin kumatunsa, yana sharewa da gefen hula. Wata rana a hanyar komawa gida na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, me ke ba ka dariya haka?" Ya ce, "Kai yaro, samanjanmu ne sak. Har yadda yake tsayuwa." Ya yi 'yan taku, sannan ya ce, "A gabana ya faɗi." Iyakar abin da na taɓa ji daga gare shi game da yaƙi ke nan, kuma bayan dariya ya fito.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya fito a Samanja Mazan Fama, shi kansa tsohon soja ne, mutumin Pategi a jihar Kwara, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023 yana da shekara 81. Ya san bariki daga ciki, shi ya sa tsohon soja ke ganin kansa a wasansa, farar hula kuma ke gano cewa cikin kakin nan mutum ne mai mata da 'ya'ya da bashin mai kanti. Don haka idan wani ya ce mini ban dariya ga soja wasan yara ne, ɓarnar kuɗi ce a lokacin da ake mutuwa, kafaɗun kawu nake tunawa.

Sai dai maganar Bob Hope ba ta ƙare a nan ba, domin Biyetnam ba Yaƙin Duniya na Biyu ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk Amurkawa bakinsu ɗaya. A na Biyetnam ƙasar ta rabu biyu, kuma ina ganin masu adawa da yaƙin su ne ke da gaskiya. Amurka ta tura sojoji sama da rabin miliyan zuwa ƙasar da ba ta taɓa kai mata hari ba. Sojojinta sama da 58,000 suka mutu, mutanen Biyetnam kuwa da suka hallaka a miliyoyi ake lissafa su. A watan Maris na 1968 sojojin Amurka suka shiga ƙauyen My Lai suka kashe ɗaruruwan fararen hula, mata da yara da tsofaffi, aka rufe maganar har sai Nuwamban 1969 ta fito fili. Wanda ya san wannan yana da haƙƙin ya tambaya: mutumin da ke zuwa yana sa waɗannan sojoji dariya, ana ɗaukar wasan a nuna a talabijin miliyoyin mutane su kalla su ji daɗi, ba wanke yaƙin yake yi ba? Jirgin da ke kai shi na gwamnati ne. Shirin da aka nuna a Janairun 1970 yana cikin waɗanda aka fi kallo a tarihin talabijin ɗin Amurka na wancan zamani, kuma abin da mai kallo ya gani a ciki tafi ne da sowa da yara masu ɗaga wa iyayensu hannu.

Ga kuma Muhammad Ali a ɗaya gefen. A watan Afrilun 1967 aka kira shi aikin soja na dole, ya ƙi. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku a lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Da ya yarda ya sa kaki, da wuya a ba shi bindiga a tura shi daji. Mai yiwuwa irin aikin da zakaran dambe Joe Louis ya yi a Yaƙin Duniya na Biyu za a ba shi, ya riƙa zaga sansanoni yana damben nishaɗi. Wato kusan aikin Bob Hope. Ya ƙi ko wannan, don ya san sunansa ake so a jingina wa yaƙin. Ina girmama Ali a kan wannan fiye da yadda nake girmama shi a kan duk wanda ya buge a filin dambe.

To amma Ali ɗaya ne. Yaron da aka ɗauko daga gona ko daga unguwar talakawa, wanda ubansa ba shi da kuɗin jami'ar da za ta sa a ɗaga masa ƙafa, ba shi da lauya, ba shi da suna, shi bai iya ƙi ba. Ba shi ya zauna a ofis ya yanke shawarar yaƙi ba. An aske masa kai, an ba shi bindiga, an ajiye shi a dajin da bai san sunansa ba, kuma idan Allah ya sa ya dawo, wasu 'yan ƙasarsa ma kallon mai laifi suke masa. Idan duk mai tausayi ya ce ba zai je wurinsa ba don kada a ce ya goyi bayan yaƙi, hukuncin ya faɗa kan wanda ya fi kowa ƙarancin laifi, su kuwa masu laifin suna gida suna cin abincin Kirsimeti da iyalansu. A nan nake tare da Bob Hope, ba tare da wata tantama ba.

Inda na rabu da shi shi ne Disamban 1969. Kafin tawagar ta tashi sai da ta yi wasa a fadar White House a gaban Shugaba Richard Nixon, kuma a tafiyar har da Neil Armstrong, wanda ya taka wata a watan Yulin shekarar. Masu rubuta tarihin Hope sun ruwaito cewa a sansanin Lai Khe ya tsaya ya shaida wa sojoji cewa ya gana da shugaban ƙasa, kuma shugaban yana da shirin kawo ƙarshen yaƙin. Sai aka yi masa ihu. Mutumin da sojoji suka shekara kusan talatin suna ɗauka kamar uba, ga shi yaran suna masa ihu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne ke kwana a rami, su ne ke ɗaukar gawar abokansu zuwa jirgi mai saukar ungulu, sun kuma gaji da jin cewa saura ƙiris. Sun zo ne su ji wanda zai taɓa manya, sai suka tarar manyan ne suka aiko shi. A shekarun da suka biyo baya ya ƙara fitowa fili yana kare yaƙin da Nixon, matasa da yawa suka juya masa baya, har a 1971 'yan fim Jane Fonda da Donald Sutherland suka haɗa nasu wasan na adawa da yaƙi suna kai wa sojoji a garuruwan da ke kusa da sansanoni.

A ƙasar Hausa tun da can an bambanta waɗannan sana'o'i biyu. Akwai makaɗan yaƙi da masu kirari, aikinsu zuga: su kira sunan ubanka da kakanka har jininka ya tafasa ka manta da mutuwa ka yi gaba. Akwai kuma 'yan kama da sauran masu ban dariya, waɗanda ke kwaikwayon malami suna wa'azin tuwo da miya, su mayar da kai mutum mai ciki da yunwa da gida. Mai zuga na sarki ne, kuma kowa ya sani, ba a ruɗe ba. Mai ban dariya kuwa na wanda ke zaune a ƙasa ne. Amanar da ke tsakaninsu ita ce duk jarinsa, kuma ita Bob Hope ya taɓa a Lai Khe. Cewa ana iya zuwa ba tare da an taɓa ta ba, ɗan wasan barkwancin Amurka Robin Williams ya nuna: bai ɓoye sukarsa ga gwamnatin George W. Bush ba, amma ya yi ta zuwa Afganistan da Iraƙi da Kuwait yana sa sojoji dariya, har kusa da rasuwarsa a 2014.

Akwai wani ɓangare na wasannin Hope da ba zan yaba ba ko kaɗan, wato jera 'yan mata a dandamali da ƙananan kaya don dubban maza su yi ihu. Ko a can an soki wannan, kuma da ya je Saudiyya a Disamban 1990, yana da shekara 87, dole aka sauya tsarin. Wasan bai mutu ba don an rage wannan.

Abin da ya sa duk wannan ya dame ni shi ne halin da muke ciki. Tun 2009 ake yaƙi a Arewa maso Gabas, an sauya wa rundunar suna daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, ga kuma dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja. Akwai samari a ƙananan sansanoni a gefen Tafkin Chadi da bakin Sambisa waɗanda ke yin Sallah bayan Sallah ba su ga 'ya'yansu ba. A Agustan 2018 wasu sojoji suka yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, kukansu shi ne sun shekara da shekaru a bakin daga ba a sauya su ba. Gaskiya ne manyan hafsoshi kan je su ci abincin Sallah ko na Kirsimeti da dakaru, kuma barikoki na yin bikin WASA na ƙarshen shekara. Amma cin abinci da oga fareti ne da cokali. Kurtu ba ya sakin jiki. Mu kuwa Allah ya hore mana masu ban dariya, daga Kannywood har zuwa yaran da ke haɗa gajerun bidiyo a TikTok, kuma idan lokacin zaɓe ya zo muna ganin yadda ake cika motoci da su ana zaga jihohi. Hanyar Monguno ce dai ba a cika ganinsu a kai ba.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Zai ce, sojan da ya sa mu tsallen kwaɗo a shingen bincike? Zai tuna mini da Tudun Biri, inda a daren 3 ga Disamba, 2023, makonni uku bayan rasuwar Samanja, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Wannan ciwo ne na gaske, kuma wanda ya rasa nasa a can ba ni da bakin ce masa ya je ya sa soja dariya. Haƙƙinsu bincike ne da hukunci da diyya, kuma ba wasan da zai biya wannan. Abin da nake gani kawai shi ne, mutumin da aka bari shekaru a daji, ba hutu, ba mai zuwa gaishe shi, ba wanda ya tuna masa cewa shi ɗan wani ne, zuciyarsa bushewa take yi, kuma a kan talaka take hucewa a bakin shinge. Mai son soja ya ɗauki farar hula a matsayin mutum yana da riba idan sojan ya ga farar hula ya taso takanas ya zo inda yake.

Sharaɗin dai shi ne wanda Lai Khe ya koyar. Wanda zai je kada ya ɗauki saƙon gwamna ko na minista, kada ya je da hular jam'iyya, kada ya ce musu an kusa gamawa alhali shi gobe zai koma gida. A bar shi ya taɓa wake da garin da suke ci, ya taɓa alawus ɗin da ya makale, ya taɓa oga a gaban yaransa, oga kuma ya daure ya yi dariya. Kada kuma hukuma ta ɗauka cewa wasan awa biyu ya maye gurbin hutu da kayan aiki da haƙƙin matan waɗanda suka rasu. Idan aka yi haka an mayar da mai ban dariya mayafin rufe ɓarna, kuma sojoji za su gane tun kafin ya sauka daga dandamali.

A 1997 Majalisar Dokokin Amurka ta ba Bob Hope matsayin tsohon soja na girmamawa, shi ne na farko da aka yi wa haka, ga jirgin ruwan soja da jirgin sama da aka sa wa sunansa. Duk da haka abin da ya fi zauna mini a rai daga tarihinsa ba a dandamali ya faru ba. Bayan wasa yakan wuce asibitin sansani ya bi gado-gado. Yakan shiga ɗakin da ke cike da waɗanda ba sa iya ko motsawa, ya ce musu don Allah kada kowa ya tashi saboda shi, a yi dariya, sannan ya tsaya wurin kowane ɗaya ya tambaye shi garinsu da yadda aka yi ya ji rauni. Ba ya barin fuskarsa ta nuna abin da idonsa ya gani. Wannan ba ya buƙatar jirgi ko rakiyar motoci masu sulke. A Kaduna akwai asibitin soja na 44, inda ake kawo waɗanda suka ji rauni daga bakin daga, wasu su yi watanni a kwance. Daga Kano zuwa can tafiyar awa uku ce zuwa huɗu a mota.